Daminar da Kajin Dutse Suka Yi Shiru

Fito ne siriri mai hawa sama. Ɗaya ce take farawa daga can ƙarƙashin dutse, wata ta amsa mata daga gindin kuka, kafin ka ankara duk wajen ya ɗauka, wit-wit-wit, kamar 'yan mata sun haɗu a bakin rijiya kowa tana son a ji nata labarin. Haka kajin dutse suke tayar da ƙauyenmu idan gari ya fara haske, haka kuma suke sallamar rana idan za ta faɗi. Har yau, in ruwa ya jiƙa dutse ƙamshinsa ya taso, kunnena kan tsaya yana jiran wannan fiton, ko da kuwa ina tsakiyar gari.

Makon jiya, bayan wani ruwa mai ƙarfi, na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa sai na ga maƙwabciyata a nan Yalwawa tsaye a ƙofar gida da buhun siminti a hannu. Buhun yana motsi.

"Maman Hassana, me aka samu haka da sassafe?"

"Ke dai bari, Malama. 'Ya'yan mage ne, har huɗu, sun hana mu sakat. Mai babur nake jira ya kai min su bayan dutse."

Ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓi buhun ba. Ta yi dariya ta ce in ina so har uwar sai ta ƙara min. Ni kuwa ina jin ɗumin ƙananan jikkuna ta cikin buhu, sai ga ni na koma wata damina ta kusan shekara goma sha biyar da suka wuce, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Ina da shekara goma sha ɗaya Innarmu ta rasu. Bayan an yi arba'in, mahaifina ya kai ni ƙauye wajen yayarsa, Goggo Hansai, wadda take zaune a gidan kakanmu tana kula da shi. Kakan namu mutanen gari suna ce masa Malam Buba, mu kuwa Baba Tsoho muke ce masa. Na iso da akwatin kaya, da jakar littattafai, da kwali mai huji a gefe. A cikin kwalin akwai Toka, magen Innarmu, mai launin tokar murhu da farin tabo a maƙogwaro. A ƙafafun Inna take kwana duk tsawon jinyarta. Da Inna ta tafi sai ta dawo ƙafafuna, kuma in na sa hanci a bayanta ina jin kamar da sauran ƙamshin ɗakinmu a gashinta.

Baba Tsoho ya leƙa kwalin ya ce, "Uwar ɗakina, da ke da baƙuwarki duk sannunku da zuwa. Amma garin nan ya ƙoshi da irinta."

Gaskiya ya faɗa. Shekara biyu kafin zuwana gero ya ƙi, aka riƙa sayo masara daga kudu a manyan motoci. A cikin buhunan nan wasu ɓeraye suka zo, baƙaƙe masu dogon bindi, ba irin namu na gona ba. Suna hawa bango kamar ƙadangaru, suna huda rumbu ta sama. Sai kowane gida ya aika birni aka kawo masa mage. Magunan suka yi aikinsu, sannan suka shiga haihuwa. A wajenmu kuwa ba a kashe mage, ko yaro ya san wannan. Idan sun yi wa mutum yawa sai ya sa su a buhu, ya juya buhun sau uku don su ɓace hanya, ya kai bayan dutse ya kwance, ya ce, "Allah ya ciyar da ku." Ya dawo gida zuciyarsa fes, yana ganin ya yi tausayi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa da me za su ci a can.

Bayan dutsen nan kuwa shi ne gidan kajin dutse. 'Yan ƙanana ne, ba su kai kazar gida ba, masu duhun ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, jajayen ƙafafu, da wutsiya a ɗage kamar masu taƙama. Ba su cika tashi sama ba, gudu suke yi tsakanin duwatsu. A ƙasa suke ƙwai, a ƙasa suke renon 'ya'ya.

A gidanmu ba a cin kazar dutse. Baba Tsoho ya ba ni dalili tun makon farko. Mahaifinsa makiyayi ne. Wata shekarar fari ya biyo ta nan da ragowar shanunsa, harsunansu a waje, har ya fid da rai. Da gari ya waye ya ji fito daga cikin duwatsu, ya ce tsuntsun da yake murna haka ba da ƙishirwa ya kwana ba. Ya bi muryar, ya tarar da ruwa kwance a wani kwarmi cikin inuwar dutse. A nan ya kafa bukka, ya kuma yi alkawarin shi da zuriyarsa ba mai taɓa su.

"Mu ne baƙinsu," in ji Baba Tsoho. "Sun riga mu zama."

Daminar ta fara da alheri. Aka yi ruwan shuka, Goggo tana gaba da sungumi ina binta ina zuba iri ina take ramin da dudduge. Gero ya tsiro kore shar. Aka yi noman farko, sai sama ta ɗauke. Kwana da kwanaki hadari yana haɗuwa a gabas, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, iska ta zo ta watsa shi. Ganyen gero ya nannaɗe kamar tabarmar da aka gama salla a kai. A cikin wannan hali aka ga wata.

Shi ne azumin farko da na yi niyyar kaiwa ƙarshe. Rumbunmu saura dami biyu a ƙasa, Goggo tana zaro zangarniya da ƙidaya. Da hantsi mukan tafi bakin gona mu tsinko tafasa da rama, a dafa a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Buɗa-baki kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa kwanon za ka ga fuskarka. Da sahur a ɗumama ragowar tuwo, in akwai ragowa. Na tuna yadda dutse yake mayar mana da zafin rana da la'asar, da yadda leɓɓana suke manne wa juna, da ƙarar cikina idan na yi ruku'u. Na tuna Goggo tana kankare tukunya har sai cokali ya yi kuka. A shekarar nan ko mage ba ta samun abin lasa a gidan kowa.

Baba Tsoho ne ya fara lura. Ya saba in ya dawo daga masallaci da asuba ya zauna a kan turmin da aka kife a ƙofar gida, ya karkata kai wajen dutse. Wata safiya na kawo masa buta na same shi ya yi tsit.

"Uwar ɗakina, kunnenki sabo ne. Murya nawa kike ji?"

Na kasa kunne. "Uku, Baba. Ko huɗu."

"Bara war haka, in sun fara ba ka jin kiran mutum daga zaure."

Ranar bai tafi gona ba, dutse ya hau. Da ya dawo ya buɗe tafin hannunsa a gaban Goggo: gashin tsuntsu ne mai ɗigon fari, da ɓawon ƙwai. Ya ce ya ga maguna a kowane kogo, wasu a can aka haife su, ba su taɓa ganin ɗaki ba, in sun ga mutum sai su yi masa huci.

Ya tayar da maganar a ranar gayyar maimai a gonar mai unguwa. Da yake azumi ne, babu fura babu tuwo, da rana ta take mazan suka zube a inuwar gawo suna fifita da huluna. Ni da Goggo muna kusa muna tsinkar tafasa, don haka na ji komai.

Sale mai tireda ne ya fara amsawa. "Haba Malam Buba, yara suna kwana da ganye a ciki, gero yana mutuwa, kai kuma tsuntsu ne damuwarka?"

Aka yi 'yar dariya irin ta masu ƙishirwa.

"To in ma magunan ne," Sale ya ci gaba, "ai da sauƙi. Akwai shinkafar ɓera a shagona. A kwaɓa da ɗan manja a zuba musu, kwana biyu an gama."

"Cikin azumi, Sale?" in ji Baba Tsoho. "Ka ba mage guba, ungulu ta ci gawar, karen makiyayi ya ci ragowar, ruwa ya wanke sauran ya kai kwarmin da awakinka suke sha. Kuma me suka yi maka? Su suka kai kansu can?"

Ya bi su da kallo, ya ci gaba.

"Mu muka kai su. Ni ma na kai biyu bara, ban manta ba. Hannun da ya kwance bakin buhu shi zai ɗaure."

Mai unguwa ya ce to, daga yau kada wanda ya ƙara kai mage bayan dutse. Amma maganar kamo na can, kowa ya dubi fartanyarsa. Aikin ya zama na gidanmu.

Dabarar Baba Tsoho ba ta da wuya. Babban kwando ne ake kifawa a tokare gefe ɗaya da ɗan itace, a ɗora dutse a bisa, a ɗaura igiyar guga a jikin itacen, mutum ya ɓuya can nesa da bakin igiyar a hannu. Abin da ya kawo rigima shi ne abin da za a sa a ƙarƙashin kwandon. Goggo tana da busasshen kifi a wani gwangwani da ta rataye a saman ɗaki, tana lallaɓa shi don miyar Salla.

"Baba, kifin nawa? Mu da muke azumi ba mu ci ba, sai su da ko alwala ba sa yi?"

"Matafiya ne, Hansai. A ba su guzuri."

"Allah ya sa in na tashi tafiya a ba ni irinsa," in ji Goggo. Amma ta sauko da gwangwanin, kuma ita ce ta fi kowa iya jan igiyar. Hannunta bai taɓa yin latti ba.

Haka muka yi goman tsakiya. Da safe kafin a tafi gona, da yamma kafin magariba, muna laɓe a bayan wani falalen dutse, ƙamshin kifin nan yana zuwa har inda muke yana murɗa mana hanji. In kwando ya faɗi, Baba Tsoho ya lulluɓe shi da tsohon bargo, ya zura buhu ta ƙasa, yana yi wa magen magana a hankali kamar yadda yake yi wa saniya mai sabon haihuwa. Muna ajiye su a tsohon ɗakin awaki muna ba su ruwa da ɗan abin da ya samu. Ranar kasuwar Shuwarin sai ya ɗora buhunan a mangalar jaki ya kai wa masu ajiyar hatsi, waɗanda kullum ɓera yake yi musu ɓarna. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk wanda zai karɓa ya kasance gidansa yana hayin rafi, don a wajenmu an yarda mage ba ta dawowa in ta tsallake ruwa.

Duk wannan aikin da ni ake yi, amma akwai abin da na ɓoye.

Toka ta rame. Tun farkon azumi na ga ta daina kwana cur a ƙafafuna, sai in farka in ji wajen da sanyi, can da hantsi ta dawo da raɓa a ƙafa. Wata safiya ina shara na ɗaga randa, sai ga 'yar ƙafa ja, siririya kamar tsinken tsintsiya, da gashi mai ɗigon fari. Na tsaya ina kallonsu. Na tattara su a gefen zanena na kai bayan rumbu na binne, na take wajen da ƙafa.

Daga ranar na shiga raba kununa biyu, ina zuba mata rabi a sakaina. Ta kan lasa kaɗan ta kalle ni. Na yage bakin tsohon ɗankwalin Inna na ɗaure ta a ƙafar gado, ta tsinke shi da haƙori. Na rufe ta a kwali, ta yi ta kuka har Goggo ta ce ko aljani ne ya shige ta. Kullum in mun laɓe a bayan falalen dutse addu'a biyu nake yi, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye: Allah ya sa kwando ya kama, Allah kada ya sa ya kama mai farin maƙogwaro. Ba ta taɓa shiga ba. Toka 'yar gida ce, ta san kwando ta san igiya.

A daren ashirin da ɗaya sama ta tuna da mu, aka tashi da ruwa, ya zarce ya zama marka. Gero ya warware ganyensa, ƙasa ta yi wani ƙamshi da har yau ban sami sunansa ba. Maguna goma sha ɗaya muka kama zuwa lokacin, kwando ya yi kwana uku a tokare ba abin da ya zo. Ranar da rana ta leƙo, Baba Tsoho ya ce in biyo shi, in taka a hankali.

A ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa, cikin ciyawa, ya nuna min da haɓa. Uwar tana kwance ta baje fukafukai, idonta mai jan zobe yana kanmu. Can sai wani ɗan kai ya leƙo ta ƙarƙashin fiffikenta, sai wani. Shida na ƙirga, kowanne bai fi ƙwallon goruba ba.

"Su ke nan," ya raɗa min. "Na zaga dutsen nan kaf. In waɗannan suka tashi, akwai sauran fito a garin nan. In ba su tashi ba, 'ya'yanki labari za su ji."

Ya sassaro ƙayar magarya ya yi musu shinge daga nesa, irin wanda makiyaya suke yi wa maruƙa. Ina miƙa masa ƙaya na ɗaga kai. A can bisa dutsen, daidai saman rumfar, ga Toka a kwance ta shimfiɗa ciki, bakin bindinta kaɗai yake motsi. Na yi sauri na sunkuyar da kai. Baba Tsoho yana ta aikinsa, ya juya wa wajen baya.

Bayan kwana biyu muka koma, 'yan tsakin sun zama biyar.

Da yammar ranar muna zaune a tsakar gida ana jiran kiran salla, kwanon kunu a gaban kowa. Baba Tsoho yana jan carbi, bai dube ni ba ya ce, "Uwar ɗakina, baƙuwarki tana kwana a ɗaki kuwa?"

Bakina a bushe yake, amma ƙaryar ta fito sumul. "Tana kwana, Baba. A ƙafata."

"Madalla," ya ce. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ladan ya kira salla, na kai kunu baki na mayar da kwanon ƙasa. Ina ta tunanin ko azumin ranar ya karɓu. Toka ta zo ta goga kanta a gwiwata, na ɗauke ta na rungume har ta yi ƙara. Na yi niyyar gobe zan faɗa. Na kuma san in na faɗa, buhu ne da mangala da hayin rafi, kuma abu na ƙarshe da ya san ɗumin ƙafafun Inna zai bar ni.

Gobe ta yi, na farka babu Toka. Ban damu ba da farko, na ce ta tafi inda ta saba. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Baba Tsoho ma ba ya gida, Goggo ta ce ya yi sammako ya tafi ganin wani tsohon abokinsa. Jakinsa kuwa yana ɗaure a turke, buhunan duk suna rataye a inda suke. Na ƙirga su sau biyu.

"Goggo, ba ki ga Toka ba?"

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ma'u, mage ai haka take. Ranar da ta ga dama ta zo, ranar da ta ga dama ta tafi."

Na hau dutse da azumi a bakina ina kiranta. Na leƙa kowane kogo, na duba kwarmin ruwa, na bi gonaki har ƙafafuna suka yi jini. Sai bayan la'asar sakaliya Baba Tsoho ya dawo, a gajiye, rigarsa duk laka. Ya same ni a zaure idanuna sun kumbura. Ya tsaya a kaina ya daɗe, ya ɗora hannu a kaina, ya wuce ciki. Da aka sha ruwa na hango shi a bayan ɗaki ya tuɓe riga, Goggo tana gasa masa ƙirji da ruwan ɗumi da gishiri. Duk ƙirjin zane-zane ne ja.

"Baba, me ya same ka?"

"Ƙayar magarya ce, uwar ɗakina. Ba ta san tsoho ba."

Na yarda. Na kuma yanke wa kaina hukunci: ƙaryar da na yi da azumi ce ta ci Toka. Ko kura ce, ko mesa, ko wani kogo ne ya rufta da ita, ni na jawo. Ban gaya wa kowa ba.

Aka yi Salla da miyar kuka babu kifi, Goggo tana zuba wa kowa tana cewa a yi haƙuri, matafiya sun cinye. Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, muka gasa tumu a bakin gona muna murzawa da zafinsa muna hura tafin hannu. Kullum da magariba ina ajiye sakaina da ɗan nono a bakin ƙofa, da safe in tarar da tururuwa. Har kaka ta yi ban daina hawa dutse ina kira ba.

Wata safiya, ana gab da yankan gero, na kawo wa Baba Tsoho buta a kan turminsa. Sai fito ya tashi daga gindin dutse. Murya ɗaya cikakkiya, sannan wasu ƙanana suka biyo ta, suna karyewa a tsakiya kamar yara masu koyon karatu.

"Nawa?" ya ce.

"Bakwai, Baba."

"Uwa da uba da biyar." Ya rufe ido. 

Na tsaya a gefensa da buta a hannu, ina jin daɗin muryar ina kuma jin haushinta. Ban taɓa jin abu mai daɗi da ya yi min ciwo haka ba. Ko yanzu in na je gida nakan fita da sassafe in zauna a inda turmin yake a da. Kajin suna nan, ko da yake masu fasa dutse sun matso ta gabas, kuma sai ka yi haƙuri ka jira injin ya yi shiru. 'Ya'yan magen Maman Hassana kuwa suna ɗakin girkina, na riga na yi wa uku gida, wajen masu injin niƙa da wata mai sayar da hatsi.

Baba Tsoho ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Ranar sadakar uku, muna zaune a ɗakin Goggo ana karɓar gaisuwa, wata tsohuwa da ban sani ba ta shigo. Ƙamshin banda yana jikin mayafinta. Ta yi ta'aziyya, ta ce daga Aujara take, kifi take sayarwa, a bakin 'yan kasuwa ta ji rasuwar. Sannan ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce mai Toka a cikinku?"

Goggo ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji ɗakin ya yi nisa.

"Ni ce, Iya."

"Allah sarki. Kin girma." Ta gyara zama. "Wani azumi ne, ana marka, marigayin ya tsaya a gaban tirena. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce ya zaga kasuwar yana neman mai kifi mai fara'a, a garin da babu dutse. Na ce to ga kifi, fara'ar kuma sai ka saya. Sai ya buɗe wuyan rigarsa. 'Yar nan, a cikin riga ya kawo ta, a kan fatarsa, tun daga garinku. Ta yakushe shi har jini ya ɓata masa 'yar ciki. Na ce Malam, ba ku da buhu a garinku? Ya ce wannan ba ta buhu ba ce, ta marainiya ce."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ya ce kada in ɗaure ta, kada in bar ta da yunwa, kada kuma in canja mata suna, ko wata rana mai ita za ta zo. Shekara tara ta yi a wajena, ta yi ƙiba har ba ta iya hawa katanga, a kan tabarmata ta mutu. Shi kuwa duk shekara in an gama girbi sai ya zo da ƙwaryar gero, ya zauna ta hau cinyarsa. Duk zuwan da zai yi sai na ce, Malam, ina yarinyar? Sai ya ce, Hajiya, har yanzu ban sami bakin gaya mata ba."